Samus Aran da Amanar da ke Wuyan Marubuci



Gabatarwa

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan jawabi, wani ɗan ajinmu ya tare mu a bakin ɗakin karatu ya ce, “Yanzu duk matsalolin da ke damun ɗalibai, ku rasa abin da za ku tara mutane a kansa sai wasan yara?” Ba mu ga laifinsa ba. Amma mun roƙe shi ya zo ya saurara, domin kuwa abin da za mu tattauna a yau tsohuwar magana ce a fagen adabi, ko da yake a cikin na'urar wasa muka tsinto ta. Maganar ita ce: idan marubuci ya ƙagi tauraruwa, jama'a suka san ta, suka shaƙu da halinta shekara da shekaru, shin yana da ikon ya wayi gari ya mayar da ita wata daban ba tare da ya kawo dalili ba? In kuwa ya yi hakan jama'a suka yi fushi, ina ne gaskiyarsu take, ina ne kuma suka wuce gona da iri?

Kowa a ɗakin nan ya san Gizo. Da wata tsohuwa za ta tara yara da dare ta fara tatsuniya, ta kawo Gizo yana riƙon amana, yana ƙin cin abin da ba nasa ba, yana neman izinin Ƙoƙi kafin ya sha ruwa, ba ta kuma faɗi abin da ya same shi ya sauya ba, lalle kafin ta kai tsakiya wani yaro zai ce, “Iya, wannan ai ba Gizo ba ne.” Yaron nan bai karanta nazarin adabi ba, amma ya san cewa halin Gizo ya zama kayan kowa, kuma mai ba da labari riƙonsa kawai aka ba ta. Abin da ya faru ke nan a shekarar 2010 tsakanin kamfanin Nintendo da masoyan wata jaruma mai suna Samus Aran.

Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa mu da muke wannan jawabi muna makarantar firamare lokacin da aka yi wannan rikici. Daga baya muka riski wasannin, muka bi su ɗaya bayan ɗaya a lokutan hutu, har muka iso kan wanda ake taƙaddama a kansa. Abin mamaki, ɓacin ran da ya kama mutanen wancan lokaci shi ne ya kama mu, ko da yake shekaru fiye da goma sun shiga tsakani. Wannan ne ya sa muka zauna muka tambayi kanmu dalili.

Wace ce Samus Aran?

A shekarar 1986 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Metroid. Mai wasa yana sarrafa wani jarumi ne da ke lulluɓe cikin sulke tun daga kai har ƙafa, da kwalkwali rufe da fuska, da bindiga haɗe da hannun dama. An aike shi shi kaɗai zuwa wata duniya da ake kira Zebes, domin ya murƙushe 'yan fashin sararin samaniya waɗanda suka sace wata muguwar halitta mai tsotse ran duk abin da ta kama, watau Metroid ɗin da wasan ya ci sunanta. Babu ɗan rakiya, babu mai nuna hanya. Koguna ne da ramuka cikin duhu, sai mutum ya yi ta lalube, ya tsinci makami a nan, ya koma ya buɗe ƙofar da ta gagare shi a can.

Littafin bayanin da ya zo da wasan a Amurka a 1987 yana ambaton Samus ne kamar namiji. Sai wanda ya gama wasan cikin ƙasa da awa biyar ya ga an cire kwalkwali, ashe mace ce. Yoshio Sakamoto, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera wasan, ya faɗa cewa ana tsakiyar aiki ne wani ma'aikaci ya kawo shawarar a mayar da jarumin mace, sauran suka amince. Sun kuma ɗauki abubuwa da dama daga fim ɗin Alien na 1979, wanda shi ma mace ce ta tsira a ƙarshensa. A zamanin da yawancin matan da ke cikin wasanni 'ya'yan sarakuna ne da aka sace suna jiran mai ceto, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, tun a wannan tushe akwai tabo, domin gwargwadon saurin da mutum ya gama wasan, gwargwadon yadda ake rage wa Samus tufafi a hoton ƙarshe, kamar dai jikinta tukuici ne. Mun faɗi wannan ne don kada a ɗauka muna cewa da can komai lafiya lau yake.

A wasa na biyu, na 1991, an tura ta duniyar SR388 ta ƙarar da halittun Metroid baki ɗaya. Ta kashe su har uwarsu, sai wani ƙwai ya fashe a gabanta, ɗan jaririn da ya fito ya ɗauka ita ce uwarsa, ya yi ta zagaya ta. Umarnin da ke hannunta na kisa ne, amma ta sauke bindiga ta tafi da shi. A wasa na uku, Super Metroid na 1994, wani dodo mai fikafikai da ake kira Ridley ya sace jaririn, ta bi sawu har Zebes. A ƙarshen wasan, lokacin da babbar abokiyar gabarta Mother Brain ta durƙusar da ita saura ƙiris ta hallaka ta, sai jaririn nan, wanda ya riga ya girma, ya faɗo ya kare ta da jikinsa, ya mayar mata da ƙarfinta, aka kashe shi a kanta. Ba a furta ko kalma ɗaya ba a wannan wuri. Mai wasa ne da hannunsa yake miƙar da ita ya rama, kuma duk wanda ya taɓa kaiwa wurin ya san abin da ya ji a ransa.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ita Samus fuskarta a rufe take, saboda haka aikinta jama'a suka tambaya. Aikin kuwa ya shaida musu mace ce mai natsuwa a cikin haɗari, mai yanke shawara da kanta, mai tausayi a inda ya dace ko da umarni ya ce a'a. A haka aka san ta shekara ashirin da huɗu.

Wasan Other M

A ƙarshen watan Agusta na 2010 aka fitar da Metroid: Other M a kan na'urar Wii. Sakamoto da kansa ya rubuta labarin, aka haɗa gwiwa da ƙungiyar Team Ninja wajen ƙera wasan, wani kamfani kuma mai suna D-Rockets ya shirya finafinan da ake sakawa a tsakanin wasa. Labarin ya ɗora ne daga inda Super Metroid ya tsaya. Manufar da aka bayyana ita ce a nuna wace ce Samus a cikin zuciyarta, a kuma ba ta murya ta yi magana mai tsawo. Masoya sun yi murna, don an daɗe ana son jin haka.

A taƙaice labarin shi ne: Samus ta ji kiran neman agaji daga wani babban jirgin bincike a sararin samaniya, ta je ta tarar da wata ƙaramar rundunar sojojin Tarayya a ƙarƙashin Adam Malkovich, wanda ya taɓa zama kwamandanta tana budurwa kafin ta bar soja ta kama aikin kanta na farautar miyagu a biya ta lada. Ta nemi ta taya su aiki, ya amince bisa sharaɗin za ta bi umarninsa. Daga wannan sharaɗi ne matsala ta faro.

Abu na farko da ya ɓata wa mutane rai shi ne maganar izini. Al'adar waɗannan wasanni ce Samus ta fara da ƙaramin ƙarfi ta riƙa ƙaruwa, saboda haka masu ƙera wasa kan nemi dalilin raba ta da makamanta tun farko. A Metroid Prime na 2002 fashewa ce ta lalata mata sulke. A Metroid Fusion, shi ma na 2002, wata cuta ce ta kama ta har likitoci suka yanke sassan sulken. A Other M kuwa komai yana jikinta lafiya lau, amma ta kashe shi da kanta, ba za ta kunna ba sai Adam ya ce ta kunna. Ga babban bam ɗinta an kawo dalili mai ma'ana, cewa zafinsa zai iya ƙone sojojin da ke kusa. Amma da aka tura ta wani sashe na jirgin mai cike da narkakken dutse da aman wuta, sai ga ta tana gudu cikin zafi, ƙarfinta yana raguwa a kan idon mai wasa, alhali tana da rigar kariya daga zafi, wadda ba ta harbi, ba ta fashewa, ba ta iya cutar da kowa. Ba ta kunna ba, ba ta kuma nemi izini ba, sai da ta yi tafiya mai nisa ta fuskanci wani dodon wuta, sa'an nan Adam ya ce ta kunna. Jama'a, wannan wane irin biyayya ne? Ko kurtun da ya shiga soja jiya, in ya ga gobara, ai ba ya jiran saje ya ce masa ya kauce.

A nan ne wasa ya bambanta da littafi ko fim, kuma muna roƙon ku lura da kyau. Mai karanta littafi kallon tauraruwa yake yi daga nesa. Mai wasa kuwa shi ne yake tafiyar da ita da yatsunsa. Idan aka ce Samus ta ƙone don jiran izini, to mai wasa ne aka sa ya ƙone da ita, shi ne aka ɗaure wa hannu. Daɗin da ake ji a dā na cewa “na nemo, na samu, na ƙaru” ya koma “an yarje mini”. Shi ya sa ɓacin ran ya yi zurfi fiye da na wanda ya karanta littafi bai ji daɗinsa ba.

Abu na biyu shi ne haɗuwarta da Ridley. Da dodon ya bayyana, sai Samus ta sandare, aka nuna ta ta koma ƙaramar yarinya tana kuka, sulkenta ya ɓace daga jikinta, har sai da abokinta Anthony Higgs ya shiga tsakani aka make shi ya faɗa ƙasa wajen wuta, kana ta dawo hayyacinta. Amma wannan Ridley ɗin ta kayar da shi a wasan farko, ta kayar da shi a Prime, ta sake a Prime 3 na 2007, ta kuma tarwatsa shi a Super Metroid, wanda bisa tsarin labari bai daɗe da faruwa ba. Mai wasa da hannunsa ya yi duk waɗannan yaƙe-yaƙe, bai taɓa ganin gwiwarta ta yi sanyi ba.

Abu na uku shi ne yadda labarin ya ƙwace mata manyan ayyuka. Da ta nufi sashen da ake kiwon Metroid masu haɗari don ta hallaka su, aikin da babu wanda ya fi ta saninsa, sai Adam ya harbe ta ta baya har sulkenta ya ɓace ta faɗi, alhali ga wani ɗan Metroid yana shawagi kusa da ita. Bayan ya kashe shi ya yi mata bayani, ya shiga sashen shi kaɗai ya sadaukar da ransa. Labarin bai taɓa tsayawa ya tuhumi wannan harbi ba. A ƙarshe, babbar abokiyar gabar labarin sojoji ne suka harbe ta a cikin fim, mai wasa yana kallo. Bayan an gama komai Samus ta koma jirgin, ta sa ranta cikin haɗari don ta ɗauko kwalkwalin Adam, ta rungume shi.

Abu na huɗu shi ne maganar kanta. An ba ta murya, amma yawancin abin da take faɗa a kan abu biyu ne: jaririn da ya mutu, da kuma yadda Adam yake kallonta. Ba laifi ba ne mace jaruma ta yi begen abin da ta rena, ko ta girmama wanda ya zame mata uba. Sai dai an nanata abin har ya gundura. Kiran agajin da ta ji an sa masa suna kukan jariri, jirgin kuma an sa masa suna kwalba, mai tuna wa mutum kwalbar shayar da jariri, haruffan farko na sunan wasan ma idan aka haɗa su suna ba da kalmar “uwa” a Turancin Amurka. Abin da wasan 1994 ya isar cikin minti kaɗan ba tare da kalma ba, wannan ya kwashe kusan awa biyu na fim yana bayaninsa, bai kuma kai shi ba.

Hujjojin masu kare wasan

Adalci ya wajaba, domin wasan yana da masu kare shi, kuma ba duk maganarsu ce ta banza ba.

Suna cewa tsoro ba aibi ba ne, kuma wanda ya ga abin firgici yana yaro, abin kan iya dawo masa bayan shekaru ko da ya zama jarumi. Wannan gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da shi a kan sojojin da suka dawo daga yaƙi. Suna ƙarawa da cewa Ridley ne ya jagoranci harin da aka kashe iyayen Samus tana 'yar shekara uku a wani mazauni da ake kira K-2L, kuma ta ɗauka ya mutu har abada tun da duniyar Zebes ta tarwatse, sai ga shi an sake ƙera shi daga ɓurɓushin jikinsa. Mun yarda. Amma cikakken labarin kisan iyayenta yana cikin wani littafi ne mai zane-zane da aka buga a Japan, wanda yawancin masu wasa a wasu ƙasashe ba su taɓa gani ba, shi kuwa wasan bai tsaya ya ba da labarin ba. Marubucin da ya aza mafi nauyin wuri a labarinsa a kan abin da bai faɗa wa mai sauraro ba, kamar magini ne da ya ɗora azara a kan bangon maƙwabci. Bugu da ƙari, a cikin wancan littafi ma an nuna ta firgita a haɗuwarsu, sa'an nan ta yi galaba a kan tsoron. Watau an riga an warkar da ciwon, aka sake buɗe shi ba tare da an nuna dalili ba.

Suna cewa kuma soja dole ya bi umarni, kuma a Fusion ma ta bi umarnin wata kwamfuta wadda ta laƙaba wa sunan Adam. Haka ne. Amma a Fusion tana bi ne tana ƙorafi, tana kuma ƙetare iyaka idan hanya ta ƙure, kuma da ta gane cewa Tarayya na shirin kama muguwar cutar nan don ta yi amfani da ita, sai ta tsaya ta yi gardama da kwamfutar ido da ido har ta shawo kanta, suka haɗu suka karo tashar binciken da duniyar SR388, duka biyu suka tarwatse. A Other M ma akwai inda ta kunna wasu makamai da kanta, amma sai bayan da sadarwa ta yanke tsakaninta da Adam. Wanda ya yi abin da ya ga dama don maigida ba ya nan, ba a ce masa ya tsaya da ƙafarsa.

Wasu kuma suna ɗora laifin a kan fassara daga Japananci da yadda aka umarci mai muryar Turanci ta yi magana a sanyaye. Fassara takan rage armashin zance, mu da muke karatun harshe mun san haka. Sai dai fassara ba ta sa mutum gudu cikin wuta, ba ta kuma harbin mutum ta baya. Waɗannan a cikin ginin labarin suke, kowane harshe aka juya shi.

Akwai kuma inda masoya suka yi laifi, kuma dole mu faɗa. Wata mai sharhin wasanni, Abbie Heppe ta tashar G4 a Amurka, ta ba wasan maki 2 cikin 5, ta ce yadda aka nuna Samus cin fuska ne ga matan da ke son wasan. Maimakon a amsa mata da hujja, sai wasu suka bi ta da zagi. Mutanen da ke iƙirarin son jaruma mace suka kasa jure ra'ayin mace mai rai. A ɗaya ɓangaren kuma wasu masu sukar wasan sun nuna kamar ba sa son Samus ta ji komai a ranta, ta zama ƙarfe cikin ƙarfe. Mu ba ma tare da waɗannan ko waɗancan. Wasan kansa ba a ce ya lalace gaba ɗaya ba, domin shafin Metacritic mai tattara makin masu sharhi ya ba shi 79 cikin 100, ko da yake Prime ya sami 97. Faɗace-faɗacensa suna da daɗi, zanensa yana da kyau. Labarin ne ya ci amanar sauran.

Abin da ya biyo baya

Bayan 2010 sai da aka yi shekara bakwai ba a fitar da sabon wasan da Samus ke jagoranta ba. Wanda aka fitar a 2016, Federation Force, sojojin Tarayya ne taurarinsa, kuma bai sami karɓuwa ba. A 2017 wani kamfani na ƙasar Sifen mai suna MercurySteam ya sabunta wasan 1991, sa'an nan a watan Oktoba na 2021 ya fitar da Metroid Dread, Sakamoto yana matsayin mai kula da aikin.

Ku dubi abin da aka yi a Dread. Akwai wurin da wani tsohon abokin gabarta, ƙaton dodo Kraid, ya taso mata yana ruri, ita kuwa ta tsaya kyam, ta sassauta kafaɗa, ta tara wuta a bindigarta ba tare da ta ko ɗaga hannu ba, sa'an nan ta sakar masa. A duk tsawon wasan sau ɗaya ta yi magana, gajeriya, da harshen Chozo, mutanen nan masu kama da tsuntsaye da suka rene ta bayan rasuwar iyayenta. Muryar Adam tana nan tana ba ta umarni, tana gaya mata ba za ta iya ba. Da tafiya ta yi tafiya sai muryar ta fara neman ta miƙa wuya, sai Samus ta ɗaga bindiga ta harbi na'urar, ashe babban abokin gabarta ne, Raven Beak, yake kwaikwayon muryar. Ya kira ta 'yarsa, ya nemi ta yi masa biyayya, ta ƙi, ta yi masa ihun fushi wanda duk mai wasa ya ji har cikin ƙashinsa. Ga tsoro, ga baƙin ciki, ga fushi, duk an nuna, kuma babu wanda ya ce wannan ba Samus ba ce. Wasan ya sayar da fiye da miliyan uku, ya zama wanda ya fi kowane ciniki a jerin.

Abin lura shi ne mutum guda ne yake kan aikin biyu. Wanda ya yi kuskure a 2010 shi ne ya jagoranci gyara a 2021. Saboda haka ba mu zo nan don mu tsine wa Sakamoto ba, domin ba don shi da abokan aikinsa ba da babu Samus ɗin da za a yi fushi dominta.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, a cikin ɗakin nan akwai masu rubuta gajerun labarai, akwai masu shirya wasan kwaikwayo, akwai masu koyon ilmin kwamfuta waɗanda wataƙila gobe su ne za su ƙera mana wasanni da harshenmu. Ku ne muka nufa da wannan jawabi.

Marubuci yana da ikon ya sauya tauraruwarsa, ya karya ta, ya sa ta kuka, har ya kashe ta. Amma in ya riga ya nuna wa jama'a halinta ta hanyar aikinta, to ya ɗauki bashi, kuma duk sauyin da zai kawo sai ya biya shi da dalili a cikin labarin kansa, a gaban idon mai sauraro. Cewa “ni na ƙage ta” ba ya biyan wannan bashi.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, me ya sa idan aka ce a zurfafa halin jarumi namiji sai a ba shi tsohon laifi da yake nadama, ko wata manufa da ke cin ransa, amma idan aka ce a zurfafa halin jaruma mace sai a nemo mata namijin da za ta riƙa duban fuskarsa kafin ta motsa? Wannan ɗabi'a ba a Japan kaɗai take ba. Duk wanda ya karanta labaran da mu kanmu muke rubutawa ya san sau nawa muke gina yarinya mai hankali da ƙwazo a babi goma, sa'an nan a babi na sha ɗaya mu sa ta ta manta da duk abin da ta sani don wani ya shigo. 'Yan'uwanmu mata da ke zaune a nan suna karanta mu, suna kuma lura, ko da ba su faɗa ba.

Ga mu masu karatu da masu wasa kuma, haƙƙinmu ne mu ce “wannan ba ita ba ce”, kamar yadda yaron nan ya ce wa tsohuwa. Amma mu faɗe shi da hujja, mu nuna babi da wuri, mu bar zagin wanda ya saɓa mana.

Shugaban taro, a nan za mu dakata. Mun hango ɗan ajinmu da ya ce wasan yara ne yana zaune a layin baya, muna kuma fatan shi ne zai fara yi mana tambaya.